Bongabon, garin albasa a gindin duwatsun Sierra Madre

Idan matafiyi ya bar Manila, babban birnin ƙasar Filifin, ya miƙi arewa, bayan tafiyar kusan kilomita 140 zai iske wani gari a gabashin lardin Nueva Ecija, daidai inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasar tsakiyar tsibirin Luzon take ƙarewa, duwatsun Sierra Madre suke farawa. Sunansa Bongabon. Faɗin ƙasarsa ya kai murabba'in kilomita 287, an raba shi gunduma 28 waɗanda su can suke kira barangay, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum sama da 66,000 a cikinsa. Mutanen Filifin suna yi masa kirari da babban birnin albasa, har biki ake yi wa albasar duk watan Afrilu, wanda ake kira bikin Sibuyas, wato sunanta da harshen Tagalog.

An ce sunan garin ya fito ne daga bunga, 'ya'yan wata bishiya mai kama da dabino da ake taunawa da ganye da farar ƙasa, kusan yadda muke yi da goro. Limaman ɗariƙar Agustin na zamanin mulkin Sifaniya ne suka biyo kogin Pampanga suna kafa majami'u har suka iso wannan yanki, kuma akwai lokacin da Bongabon ce hedkwatar lardin, bayan Baler, wani gari na bakin teku a bayan duwatsun, kafin a mayar da ita Cabanatuan. Yau Palayan, maƙwabciyarta, ke riƙe da wannan matsayi.

Abin da ya fi sa sunan garin a littattafan tarihi bai da daɗin ji. Ranar 28 ga Afrilun 1949 mayaƙan Hukbalahap suka yi kwanton ɓauna a kan hanyar da ta tashi daga Bongabon ta haura duwatsu zuwa Baler, suka buɗe wuta a kan ayarin Aurora Quezon, matar marigayi shugaba Manuel Quezon, tana kan hanyar zuwa buɗe asibitin da aka gina don tunawa da mijinta. Mutum 12 suka mutu, ciki har da ita da 'yarta da surukinta da magajin garin birnin Quezon. Su waɗannan mayaƙa a 1942 aka kafa su don yaƙar Japan, kuma galibinsu manoman tsakiyar Luzon ne masu noma a gonar wani a raba amfani, tsarin da ake kira kasama, inda mai gona ke kwashe rabi, bashi ya cinye sauran. Bayan yaƙi suka juya wa gwamnati baya, sai a 1954 shugabansu Luis Taruc ya miƙa wuya. Dokar rabon filaye ta 1972 ta shafi gonakin shinkafa da masara ne kawai, sai ta 1988 ta faɗaɗa zuwa sauran gonaki. Da yawa sun sami ƙasa ta wannan hanya. Jari kuwa bai zo tare da ƙasar ba, kuma duk labarin albasa a nan ya rataya.

Shekarar garin kashi biyu ce. Daga Mayu zuwa Oktoba iskar kudu maso yamma, habagat, tana kawo ruwa, ana noman shinkafa. Daga Nuwamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas, amihan, tana kawo ɗan sanyi da bushewa, lokacin albasa ke nan. Duwatsun da ke gabas suna tare yawancin ruwan da wannan iska ke ɗaukowa daga teku, shi ya sa ranin wannan gefen ya fi na gaɓar Baler bushewa. Ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun sun daɗe suna zubar da rairayi da laka a bakin fili, suka bar ƙasa mai sauƙi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Abin da albasa ke so ke nan: saiwarta gajera ce, da wuya ta wuce santimita 30, ba ta jure ƙishi, ba ta kuma jure ruwa ya kwana a gindinta.

Amma duwatsun ba sa tare komai. Guguwar teku kusan 20 ke shiga yankin Filifin a shekara, kuma waɗanda suka fi yi wa Nueva Ecija ɓarna a ƙarshen damina suke zuwa. Guguwar Santi ta zo a Oktoban 2013, Lando a Oktoban 2015, Karding a Satumban 2022. Watannin nan su ne na girbin shinkafa da shirin renon irin albasa. Guguwa guda tana iya kwantar da shinkafar da za a sayar a sayi iri, ta kuma wanke fangalin da aka riga aka zuba irin a ciki.

Aikin yana farawa daga wurin reno. Ana tayar da fangali mai faɗin mita 1, a ɗaga shi sama da ƙasa don ruwa ya tsiyaye, a zuba iri a layi-layi ba da zurfi ba, a rufe da bambaron shinkafa har ya tsiro. Kilo 4 zuwa 5 na iri yana isar hekta guda idan dashe za a yi. Masu watsa iri kai tsaye a gona suna huta wa kuɗin masu dashe, amma suna cin iri fiye da haka, kuma ciyawa tana ba su wuya, don ɗan tsiron albasa siriri ne kamar allura, kowace ciyawa tana rigan shi tashi. Bayan kwana 40 zuwa 45, idan tsiron ya yi ganye uku ko huɗu, sai a rage masa ruwa na kamar mako guda ya yi ƙwari, a cire, a dasa. Tazarar santimita 10 zuwa 15 ake bari. A matse su, albasa ta fito ƙanana. A buɗe da yawa, ta yi manya masu kaurin wuya ko ta rabe biyu, kuma kasuwar Filifin ta fi son matsakaiciya. Dashen da ya yi zurfi yana sa ƙwayar ta yi tsawo maimakon ta yi kewaye.

Iri biyu ne manya. Akwai ja, dangin Red Creole da Red Pinoy, mai yaji da jure ajiya. Akwai kuma dangin Yellow Granex, wadda suke kira fara, mai girma da saurin nuna da yawan ruwa, wadda ba ta wuce wata ɗaya zuwa biyu a ajiye. Farar ce ke fara shiga kasuwa a Janairu da Fabrairu, ja ta biyo baya a Maris da Afrilu.

Taki kuwa, NPK 14-14-14 suke sawa a ƙasa lokacin dashe, sannan a bi da yuriya sau ɗaya ko biyu yayin da lawashi ke tashi, da fotash idan an kusa fara ƙwaya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara yuriya bayan ƙwaya ta fara kumbura. Gona takan yi kore shar, mai ita ya ji daɗi, amma wuyan albasar sai ya yi kauri ya ƙi bushewa, kuma ta nan ruɓa ke shiga bayan an zuba a buhu. Haka batun ruwa: kaɗan-kaɗan akai-akai, da injin ban-ruwa daga ƙaramar rijiyar burtsatse ko daga rafi, sannan a yanke shi gaba ɗaya mako ɗaya zuwa biyu kafin a cire.

Akwai wata matsala da ke ɓoye a cikin ƙasa wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Mun saba jin cewa sauya shuka yana karya lagon cuta, kuma gaskiya ne, amma ba a kowane haɗi ba. Akwai wata tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, mai sa saiwa ta yi ƙululu, wadda ke cin shinkafa ta kuma ci albasa. Gonar da ke yin shinkafa da damina, albasa da rani, shekara da shekaru, ciyar da ita take yi ba hutu. Ga kuma aya-aya, da suke kira mutha, wadda 'ya'yanta ke kwana a ƙasa cikin ruwan shinkafa su tashi da rani. Wasu manoman lardin suna shimfiɗa ɓuntun shinkafa mai kauri a kan fili su cinna masa wuta ya ci a hankali. Zafin yana kashe tsutsar da 'ya'yan ciyawa a saman ƙasa, tokar kuma tana sassauta ta. Dabara ce mai aiki, sai dai hayaƙinta da yawa, kuma jigilar ɓuntun kuɗi ce. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙa saka wata shuka da tsutsar ba ta ci a tsakani, amma mai hekta guda da bashi a kansa ba ya samun sararin barin shinkafa ko albasa ko da na shekara ɗaya.

Idan ruwan sama ya yi latti ya faɗo a Disamba, cutar da ke murɗe lawashi ta kama. Wuya ya yi tsawo, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, ƙwaya ta ƙi kamawa. Tartsatsin ruwan sama ne ke ɗaukar ƙwayoyin cutar daga ƙasa da ragowar shukar bara, don haka masu gaggawar shuka da wuri don su riski tsada su suka fi shan ta.

Sai babbar annoba, harabas. Tsutsa ce 'yar uwar wadda ta shigo wa masararmu a 2016, kuma a wannan shekarar dai ta yi wa albasar lardunan Nueva Ecija da Pangasinan mummunar ɓarna, tun daga nan ba ta bar su ba. Uwarta malam-buɗe-littafin dare ce, tana zuba ƙwai a dunƙule a jikin lawashi, 50 zuwa sama da 100, ta rufe da wani farin gashi. Kwana 2 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe. Ƙananan tsutsotsin suna huda lawashi su shige cikin ramin, su riƙa ci daga ciki, su bar fatar waje kamar farar leda. Daga nan maganin feshi ba ya taɓa su. Bayan kamar mako biyu su sauka ƙasa su yi kwanci, mako guda kuma sabuwar uwa ta fito. Cikin wata ɗaya zuriya ta zagayo, ga zafi yana ƙara mata sauri. Manomin da ya ga gonarsa tana fari yakan ruɗe ya ninka magani, ya gauraya kala uku a tanki ɗaya, ya fesa kowane kwana biyu. Sakamakon shi ne kuɗi sun tafi, gizo-gizo da zanzaron da ke cin tsutsar sun mutu, ita kuma ta saba da maganin. Abin da ke aiki ya fi wahala amma ya fi arha: a kafa tarko mai ƙamshin macen don a san ranar da mazan suka fara yawa, a bi gona da safe a tsinke ganyen da ke ɗauke da ƙwai, a yi feshi da yamma lokacin da tsutsar take ƙarama kuma tana waje, a riƙa sauya dangin magani ba sunan kwalba kawai ba, a kuma nome gona da zarar an cire albasa don rana da tsuntsaye su gama da masu kwanci. Sannan unguwa ta shuka a lokaci ɗaya. Idan gonaki suna bin juna wata-wata, tsutsar ƙaura kawai take yi daga tsohuwa zuwa sabuwa.

Wata uku zuwa huɗu bayan dashe, idan fiye da rabin lawashi ya karye ya kwanta, an kai. Ana tumɓukewa da hannu, a jera ta yadda ganyen wannan layi zai rufe ƙwayar wancan kada rana ta ƙona ta, a bar ta ta sha iska har wuya ya bushe, a yanke a bar kamar santimita 2, a ware manya da ƙanana, a zuba a jan buhu mai raga.

Daga nan ikon manomi ya ƙare. Filifin tana cin kusan tan 17,000 na albasa a wata, amma yawancin ta gida cikin watanni uku take fitowa. Ba su da busasshen hunturu irin na Aliero ko Galmi da zai bari a jera albasa a rudu ta yi watanni. Da damina ta sauka, laima sai ta sa ta tsiro ko ta ruɓe. Dole sai ɗakin sanyi, mai digiri 0 zuwa 2 a ma'aunin Celsius da iska mai ɗan bushewa, kuma ana biyan haya a kan kowane buhu. Ɗakunan nan galibi a hannun 'yan kasuwa suke, sau da yawa su ne kuma suka ba da bashin iri da taki bisa sharaɗin a sayar musu. Manomi yana sayarwa a Afrilu a farashin da ya fi kowane faɗuwa, wani ya fitar da ita a Nuwamba. A Disamban 2022 kilo guda ya kai peso 600 zuwa 700 a kasuwannin Manila, ya fi naman kaza tsada, alhali masu nomanta sun rabu da ita tun watanni da suka wuce da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Janairun 2023 gwamnati ta ba da izinin shigo da tan 21,060 daga waje, dab da fara girbi, farashin bakin gona ya rikito. Majalisar wakilai ta yi zaman bincike kan ɓoye kaya da haɗa baki, kuma a Satumban 2024 aka sa hannu kan doka mai tsanani game da fasa-ƙwauri da ɓoye amfanin gona. Ƙungiyoyin gama-kai da gwamnati sun gina wasu ɗakunan sanyi, kuma nan ne ya kamata a fi zuba kuɗi, don doka ba ta hana mai bashi sayarwa ranar da ya cire.

Ɗaya bakin igiyar kuma iri ne. Manomin Galmi yana zaɓen albasa masu kyau ya sake binne su, su yi fure a sanyin hunturu, ya sami irinsa har ya sayar wa maƙwabta. A filayen Luzon manyan albasa ba sa yin iri da sauƙi, kuma wasu daga cikin nau'in da ake shukawa haɗaɗɗu ne waɗanda 'ya'yansu ba sa gadon iyaye. Don haka kowace shekara a gwangwani irin ke zuwa, yawanci daga ƙetare, farashinsa yana bin dala. Ƙananan albasa masu yin gungu, da suke kira sibuyas Tagalog, su kaɗai ake iya ajiye 'ya'yansu a rataye a inuwa a dasa baɗi ba tare da an je kanti ba.