Kuɗin adashi da rantsuwar asuba

Shekara shida ke nan ina uwar adashi a unguwarmu a Wusasa ta Zariya. Mu goma sha biyu ne, duk Asabar kowa ta zuba dubu biyar, mai kwasa ta ɗauki dubu sittin. Tara daga cikinmu 'yan zumuntar mata ta ikilisiya ne, uku Musulmi, ɗaya ma daga Tudun Wada take aiko da nata ta hannun ɗan acaɓa. A cikin gwangwanin madara nake tara kuɗin, in ɗaure bakinsa da leda, in tura shi ƙasan akwatin zannuwana. Ko sisi bai taɓa yin ciwon kai ba, sai a daminar bana.

Autana ne zazzaɓi ya kayar cikin dare, jiki kamar garwashi, har ya fara fizge-fizge. Maigida yana Kano, albashi bai shigo ba. Na buɗe gwangwanin na zari dubu ashirin da biyar, aka yi wa yaro allurai da ƙarin ruwa, Allah ya tashi kafaɗarsa. Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma ranar Asabar, da Hajiyar Tudun Wada ta kira, don kwasarta ce, sai na ji bakina yana cewa, "Hajiya, ki ƙara haƙuri, mutum biyar ba su kawo ba tukuna." Har sunan ɗaya na kira. Na ɗora wa matan da suka biya laifin da ba nasu ba.

Ran Laraba na kai wa Kawu tuwo. Tsohon malamin makaranta ne, idonsa ya yi rauni amma tarihin ikilisiya yana kansa. Ban gaya masa komai ba. Hira ce ta kai mu ga wasiƙar Bitrus ta fari, wadda muke nazari a zumunta, inda aka ce mu zama masu tsarki a dukan al'amuranmu. Sai ya ce, "'Yar nan, kin lura da waɗanda aka rubuta wa ita? Akwai mutanen Fontus da Bitiniya. Kin san abin da aka same su suna yi daga baya?"

Bitiniya tana arewacin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Wajen shekara ta 112, gwamnan Rumawa na yankin, Filini, ya rubuta wa Sarki Tirajan yana neman shawara kan yadda zai yi da Kirista. Ba masoyinsu ba ne. Sau uku yake tambayar mutum, in ya dage shi Kirista ne, a kashe shi. Har bayi mata biyu masu hidima a ikilisiya ya sa aka azabtar don ya ji asirin taronsu. Abin da ya samu daga bakin waɗanda suka ja da baya shi ne: a wata rana sananniya sukan taru kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa kamar yadda ake yi wa Allah, sannan su ɗaure kansu da rantsuwa cewa ba za su yi sata ba, ba fashi, ba zina, ba saɓa alkawari, kuma in aka ba su ajiya, mai ita ya zo nema, ba za su yi musu ba.

Da Kawu ya kai kan maganar ajiya, tuwon da ke hannuna ya gagare ni haɗiya.

Na jima ina juya wannan a zuciyata. Mutanen nan takobi na kan wuyansu, ba su da majami'a irin tamu ta St. Bartholomew da aka gina da ƙasa tun 1929, ba su da Littafi Mai Tsarki a ɗaure wuri ɗaya kamar na Hausa da ya fito a 1932. Duk da haka, da suka tashi da asuba, abin da suka haɗa da waƙar yabo shi ne kada su ci amanar maƙwabci. A wurinsu bangaskiya da riƙon amana tuwo da miya ne. Mu kuwa yanzu, ni ce ta farko, mukan auna ruhaniyar mutum da ƙarfin muryarsa a addu'ar dare da yawan baikon da ya bayar.

Kawu ya ƙara mini da wani ɗan littafi na zamanin farko, Didake, wato Koyarwar Manzanni Goma Sha Biyu, wanda aka gano kwafinsa a Istanbul a 1873. Da maganar hanyoyi biyu ya fara, ta rai da ta mutuwa. A ciki an ce kada mutum ya je addu'a da mugun lamiri, kuma a ranar Ubangiji a fara furta laifi kafin a gutsuttsura gurasa, wanda ke da rikici da ɗan'uwansa kada ya shiga taron sai sun shirya. Lahadin da ke tafe kuwa akwai jibin Ubangiji.

Ran Juma'a na kai tunkiyata aka sayar. Da la'asar na hau Keke Napep zuwa Tudun Wada. Na tarar da Hajiya a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Bayan gaisuwa na durƙusa na ajiye kuɗin a gefen tabarmarta, na ce, "Hajiya, ƙarya na yi miki. Kowa ta biya. Ni na taɓa kuɗin, yarona ne ba lafiya."

Ta ajiye farantin, ta dube ni tsawon lokaci. Ba ta ce ba komai ba. Cewa ta yi, "Maman yara, da kin faɗa mini tun ranar, ni da kaina zan ce ki ƙara. Ƙaryar ce ta yi mini zafi." Ta ƙirga kuɗin a gabana, ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara shida. Sannan ta tambayi jikin yaron, ta sa aka ƙullo masa dabino.

Saura mata huɗu da ni kaɗai na san na ambata a zuciyata, da ta biyar wadda na kira sunanta a waya. Gobe Asabar duk za su zo zubi, kuma a tsakar gidana za mu zauna.