Talata: wayoyi biyu da aka naɗe da salatif

Hazo ya sauko Jos tun asuba, Umma ta hana a buɗe ko taga ɗaya. Na tashi da niyyar cewa kafin tafiyar Bokkos ta ranar Alhamis sai modem ɗin da ke cikin kwamfutata, wato na'urar da ke shiga intanet da sim, ya yi aiki. Kun san yadda nake fama da jona ta da datar waya: wayar ta ɗau zafi, caji ya zube kafin azahar, kuma da an kira ni sai layin ya sauka daga 4G, abin da nake turawa ya tsaya a rabi. A gida ana iya haƙuri da haka. A ƙauye, inda manoma ke zaune suna jiran a shigar da sunayensu, ba abin haƙuri ba ne.

Tun ranar da na sayi kwamfutar nan, ThinkPad, na san akwai gurbin sim a cikinta, sai dai ban buƙace shi ba sai yanzu. Gurbin na matsakaicin sim ne, nawa kuwa ƙarami, don haka Auta ya nemo mini ɗan firam ɗin da ake ɓallo sim daga ciki, muka ɗora shi muka tura. Windows ta ga modem ɗin, ta ga sim ɗin, amma ta rubuta babu sabis.

Muka bi abubuwan da ake bi. Ba a kan yanayin jirgin sama take ba. Sim ɗin ba shi da lambar kulle. Muka mayar da shi waya, nan take ya kawo sabis cike, datar na nan, kuma tuntuni na haɗa shi da NIN, tun kafin a fara toshe kira a Afrilun 2022. Auta ya rubuta APN da hannu, wato adireshin da sim ke bi ya shiga intanet, web.gprs.mtnnigeria.net, ko da yake shi ma ya ce APN ba ya hana ganin sabis, sai dai ya hana shiga intanet bayan an gan shi. Ya cire direban modem ɗin ya sake sa shi. Ya duba ko na'urar ta dace da layukanmu: Sierra Wireless EM7455 ce, tana kama band 3 da 7 da 20, wato zangunan sigina, waɗanda MTN ke aiki da su a ƙasar nan. Band 28 ne ba ta da shi, wanda Glo ta fara 4G a kai, kuma wannan bai shafe ni ba. Daga nan ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa Windows umarni, ya rubuta netsh mbn show interfaces. Komai ya fito daidai, har IMEI, lambar shaidar modem ɗin, sai ƙarfin sigina: 0%.

Ya ce, "Yaya, wannan ba matsalar manhaja ba ce. Tana ji kamar ba ta da kunne." Ya shiga BIOS, saitin tushen kwamfutar, ya kashe batirin ciki, ya kwance murfin ƙasa. Ga katin modem nan a zaune lafiya, ƙananan maɓallansa na eriya tsirara, ba abin da ke jone da su. Wayoyin Wi-Fi, baƙa da mai ruwan toka, suna wurinsu. Na modem kuwa, mai ruwan lemo da shuɗiya, an naɗe su wuri ɗaya da salatif an cusa su gefen fanka. Da muka bi shuɗiyar sai muka ga ta tsinke a daidai mahaɗar da murfi ke lanƙwasawa. Eriyar tana can sama a bayan gilashin kwamfutar, wayoyin nan ne ke sauko da ita. Mutum ɗaya ne ya taɓa buɗe wurin, wanda ya canza mini gilashi bara.

Bayan la'asar na hau keke na tafi wurinsa, can wajen Taminus. Ban je da faɗa ba, Allah ya sani. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na ajiye kwamfutar na nuna masa hoton da muka ɗauka.

Ya duba ya yi murmushi. "Anti, ai wannan ba komai ba ne. Ba wanda ke amfani da shi."

Na ce, "Malam, ni ina so in yi amfani da shi."

"To ki jona da datar wayarki mana, kowa haka yake yi. Sau nawa nake buɗe irin wannan, ko mutum ɗaya bai taɓa dawowa a kan wayoyin nan ba."

Na ce ba wannan na zo ji ba. Abin da nake so in sani shi ne, lokacin da wayar ta tsinke a hannunsa, me ya hana ya gaya mini? Ya ce wayoyin sirara ne sosai, a wajen zare tsohon gilashi sukan tsinke, kuma da ya faɗa da na ce ya biya. Haka ya faɗa kai tsaye, yana ci gaba da goge wata wayar da ke gabansa. Yaron shagon ma ya sa baki, wai yawancin na gwanjo da ake kawowa daga Legas ko eriyar babu a cikinsu, ni ma sa'a na yi.

Wannan maganar ce ta bi ni har gida. Da ya ce bai lura ba, da na karɓa, don kowa hannunsa na iya kuskure, wayoyin kuma da gaske ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Amma ya lura. Ya ga ta tsinke, ya ciro ɗayar mai lafiya daga gurbinta, ya nemo salatif, ya naɗe su da kyau don kada su taɓa fanka su yi ƙara in ji. Wato ya ɓata lokaci wajen ɓoyewa fiye da wanda zai ɓata wajen cewa, "Anti, ga abin da ya faru." Ya zauna shi kaɗai ya yanke cewa ba na buƙatar wani ɓangare na kayana, ya rufe murfi, ya karɓi kuɗinsa cif, ni kuma na yi masa godiya har da addu'a.

Kuma mutumin nan ba baƙo ba ne. Shi ya gyara wa Kawu wayarsa, ni na tura masa ƙawayena biyu daga ofis. Yanzu ina ta tunanin me ke naɗe a cikin nasu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai ga laifi a ciki ba ko kaɗan, har da zan tafi yana cewa in gaida Umma. Na amsa, don ba a yi mini tarbiyyar ƙin amsawa ba, amma a cikin keke har Farin Gada ban iya cewa uffan ba. Mai keken ya tambaye ni ko lafiya.

Tumatir ya ɗan sauko, na sayo. Dankali bai sauko ba. An ɗauke wuta da magariba, an dawo da ita wajen tara.

Da dare Auta ya mayar da mai ruwan lemon kan maɓallin da aka rubuta MAIN, ya danna ta a hankali da bakin farce har ta zauna. Muka rufe, muka kunna. Sabis ya fito, sanda biyu, wani lokaci uku idan na matsa kusa da taga. Na buɗe saƙonnina da shi, na tura fayil ɗin Oga. Auta ya yi ta murna, ni ma na yi masa godiya sosai, yaron nan yana da hannu. Sai dai ya gaya mini gaskiya: shuɗiyar ce ke taimakawa wajen karɓar sigina inda yake da rauni, kuma a nan cikin gari ne ake ganin sanda biyun. Hanyar Bokkos akwai wuraren da waya ma sai an ɗaga ta.

Sabuwar eriya sai an aiko daga Legas, kuma sai an sake kwance gilashin kafin a ja wayar ta cikin mahaɗar murfin. Ba za ta iso kafin Alhamis ba, don haka zan tafi da wayata da abin caji kamar kullum, modem ɗin ya zama na gwaji. Auta yana ganin in mayar wa mutumin ya sa da kuɗinsa, tunda shi ya tsinka. Umma ta ce in bar shi da Allah in nemi wani. Ni dai har yanzu ban yanke ba. Haƙƙina ne ya gyara, amma ba na son hannunsa ya sake shiga cikin kwamfutar nan ba tare da ina tsaye a kansa ba, kuma gobe da safe sai na kira ƙawayen nan biyu.