Aikin Brussels na masu jirgin safe ne

Da na zo Gombe hutun Babbar Sallah, muna zaune a majalisarmu ta Jekadafari ƙanena ya matso kusa ya ce, "Yaya, ko wanke-wanke ne ka samo min a Brussels. Ai babban birni ba a rasa abin yi."

Dariya na yi, don da wannan lissafin ni ma na sauka Beljiyam. Takarduna a cike suke, amma sai da na yi wata 16 ina zaman kashe wando. A can in ka cika wata 12 kana nema ba ka samu ba, sunanka ya koma layin waɗanda rashin aiki ya zaunar. Daga nan mai ɗaukar ma'aikata zai duba takardarka, ya ga giɓin, ya ce zai kira ka. Shiru kake ji.

Abin da ya ɗaure min kai, aiki na nan birjik. Kullum da sassafe nakan tsaya a tashar Midi ina kallon jiragen ƙasa suna amayo mutane da jakunkuna, da yamma su kwashe su. Kusan rabin ayyukan birnin 'yan Flanders da Walloniya, wato yankunan arewa da kudancin ƙasar, ke yin su. A 2023 marasa aiki a Brussels sun haura kashi 10 cikin 100, ƙasar gaba ɗaya ba ta kai 6 ba, Flanders kuwa ko 4 ba ta kai ba. Ofis yana son digirin da aka tantance, ga Faransanci ga yaren Holan. Ni kuwa Turanci na zo da shi.

Lokacin zaman banzan nan titin Heyvaert ne ya rufa min asiri. Can ne tushen motocin da muke kira Beljiyam a gida. Nakan raka 'yan uwa masu saye, in samu na shayi.

Wani dattijo ɗan Damagaram ne ya ce min, "Ɗana, bar birnin nan, ka koyi yaren arewa." Yaren Holan yake nufi, wanda ake yi a Flanders. Na shiga ajin dare. Yanzu a wani sito kusa da tashar ruwan Antwerp nake aiki, ni ma na zama ɗan jirgin safe, sai dai nawa fita yake yi.

Ƙanena ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, yaren nan da wuya?" Na faɗa masa yadda ake barka da asuba, majalisa ta ce kaki nake yi.