Daga Jidda zuwa Yanbu a kan Bahar Maliya

Wanda ya tashi a Kano, babban ruwan da ya sani bai wuce madatsar Tiga ko Kogin Challawa a tsakiyar damina ba, saboda haka duk da daɗewar da na yi ina aiki a Jidda, hulɗata da teku ba ta wuce kallo daga baki ba. Bayan Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a 2019, manyan jiragen ruwa na shaƙatawa sun soma tashi daga tashar Jidda, wasu su nufi Yanbu su dawo cikin 'yan kwanaki, wasu kuma su zarce zuwa Sharm el-Sheikh a Masar ko Aƙaba a Jodan. Ni da maiɗakina muka zaɓi gajeriyar tafiyar, domin idan ruwan bai karɓe mu ba, wahalar ba za ta yi tsawo ba.

Shiga jirgin bai bambanta da shiga jirgin sama ba, akwai bincikar kaya da duba takardu, sannan a miƙa wa kowa kati guda wanda shi ne mabuɗin ɗakinsa, shi ne shaidarsa ta fita da shiga, kuma shi ne aljihunsa, domin ba a karɓar tsabar kuɗi a ciki. Wannan katin na buƙatar hattara. Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki da abinci a babban ɗakin cin abinci, amma intanet da wasu abubuwan sha da yawon da ake shiryawa idan an tsaya a gari duk daban ake lissafa su, kuma mutum ba ya jin zafin fitar kuɗi muddin kati kawai yake miƙawa.

Kafin jirgi ya ɗaga, sai aka yi atisayen ceto. An busa ƙaho gajeru sau 7 da dogo sau 1, wanda shi ne alamar gaggawa a kowane jirgin fasinja, kowa ya tafi wurin taruwar da aka rubuta a katinsa, ma'aikata suka nuna yadda ake ɗaura rigar ceto da inda kwale-kwalen ceto suke rataye. Na lura wasu fasinjoji suna ƙorafin an katse musu cin abinci, abin kuwa ya ba ni mamaki. Dokokin kare rayuka a teku sun samo asali ne daga nutsewar Titanic a 1912, kuma bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka mutu, aka tsaurara doka cewa a yi wa fasinjoji wannan bayani kafin tashi ko da zarar an tashi. A wannan teku da muke kai ma, a Fabrairun 2006 jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar, ya hallaka fiye da mutum 1,000, yawancinsu Misirawa ma'aikata da ke komawa gida. Wanda ya san wannan ba zai ga an ɓata masa lokaci ba.

Mun bar tashar bayan magariba, fitilun Jidda suna ja da baya, maɓuɓɓugar Sarki Fahad mai cilla ruwa sama da mita 300 tana daga cikin abubuwan da suka daɗe ba su ɓace wa ido ba. Da aka fita fili, sai iska ta taso, domin a wannan ɓangare na Bahar Maliya iskar arewa ce ta fi yawa a tsawon shekara, mu kuma arewar muka dosa. Jirgin bai yi tangaɗi mai ban tsoro ba, yana da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage jijjiga, amma ɗan lilon da ya rage ya isa ya tayar wa baƙo zuciya. Dalilin kuwa shi ne, cikin kunne yana jin motsi alhali ido yana ganin bangon ɗaki a tsaye cak, wannan saɓani shi ke kawo jiri da tashin zuciya. Wani ma'aikaci ɗan Indonesiya ya ga yadda na dafe bango, ya ce in fita waje in kafe ido a inda sama ta haɗu da ruwa, kada in kwanta a ɗaki ina kallon waya. Na bi shawararsa, maiɗakina kuma ta haɗa mini shayi da citta, kafin tsakar dare na dawo daidai. Duk mai tsoron jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, domin gaba da baya da saman bene su ne suka fi lilo, ko da yake na saman sun fi tsada.

Salla ta zo da nata darasin. A Jidda alƙibla gabas take, amma yayin da jirgi ke ƙara nisa arewa sai ta riƙa karkata zuwa kudu maso gabas, kuma idan matuƙi ya juya, bangon da ka fuskanta da azahar ba shi ne na la'asar ba. Dole a sake dubawa kowace salla, a kuma ɗan ware ƙafafu a tsayuwa, musamman lokacin ɗagowa daga ruku'u.

A wurin sallar ne na haɗu da wani dattijo da na ji yana yi wa jikansa faɗa da Hausa mai gauraye da Larabcin Sudan. Na gaishe shi, na ce, "Baba, daga ina?" Ya ce, "Ɗana, mu mutanen Mai Wurno ne, amma asalinmu can wajenku ne." Mai Wurno gari ne a Sudan, a bakin kogin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa tare da jama'ar da suka yi gabas bayan Turawa sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. Dattijon ya ce kakansa da ƙafa ya taso da niyyar aikin hajji, ya yi shekaru yana aikin auduga a yankin Jazira na Sudan yana tara guzuri, sannan ya ƙetare daga Sawakin, tashar jiragen ruwa a gaɓar Sudan, zuwa Jidda a ƙaramin jirgi mai filafilai. Muna tsaye a bakin ƙarfen bene yana wannan bayani, ina kallon ruwan da ke ƙasa, baƙi ƙirin, babu gaɓa ko ta ina. Faɗin wannan teku a inda ya fi faɗi ya kai kusan kilomita 355, babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa, shi ya sa gishirinsa ya kai kusan kashi 4 cikin 100, sama da na manyan tekuna. Wanda ruwan shansa ya ƙare a tsakiya, to ya ƙare ke nan. Mu kuwa a jirginmu injina ke tace ruwan tekun ya zama na sha da na wanka, har da tafkin ninƙaya a saman bene. A ganina babban aibin irin wannan jirgi shi ne an ƙera shi ne domin mutum ya manta yana kan teku, tsakanin kantuna da kiɗe-kiɗe da teburin abinci da ba ya rufewa, kuma na ga mutanen da da wuya idan sun leƙa waje sau ɗaya.

Yanbu ba ta ɗauke mu lokaci ba. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Madina ce, a yau kuma birnin masana'antu, inda bututun mai da ya ratso ƙasar daga gabas yake ƙarewa. Mun zaga tsohuwar unguwa mai gidajen dutsen murjani da tagogin katako irin na Al-Balad a Jidda, muka ci gasasshen kifi, muka koma jirgi kafin lokacin da aka gindaya, domin jirgi ba ya jiran wanda ya makara.

Dawowa ta fi sauƙi saboda iska tana bayanmu. Da asubahin ranar sauka aka turo takardar lissafi, na ga kuɗin intanet da na hidimar ma'aikata sun ɗaga jimillar fiye da yadda tallan ya nuna, don haka duk mai niyya ya tambayi waɗannan biyun tun kafin ya biya tikiti. Bayan mun sauka kuma na wuni ina jin ƙasa tana lilo a ƙarƙashina, har a kan kujerar ofis, abin da ma'aikatan jirgin suka riga suka gaya mana cewa yana faruwa kuma yana wucewa da kansa.