Laraba, ni da Kawu da littafin Stapledon

Yau tun asuba babu wuta, ga hazo ya sauko sosai har leɓena ya tsattsage. Makaranta dai ba wani labari, yara sun yi gwaji na kwaso takardu.

Abun da ya tsaya min a rai maganar da muka yi da Kawu ce bayan la'asar. Na je kai masa maganin hawan jininsa na same shi a zaure kan tabarma da rediyonsa, ya ce zauna. Kun san littafin nan da nake ta damun ku da shi, Star Maker na Olaf Stapledon, to jiya da daddare na ƙarasa shi a waya kuma tun lokacin jikina a sanyaye yake, shi kuwa Kawu ba a ɓoye masa fuska. Ya ce kai lafiyarka kuwa? Na ce lafiya lau Kawu, wani littafi ne na gama. Ya ce na wane malami? Na ce Bature ne ɗan Ingila, masanin falsafa, a jami'ar Liverpool ya yi digirin digirgir a 1925, kuma ba ruwansa da coci, bai ce akwai Allah ba bai kuma ce babu ba, sai dai ya zauna yana rubuta almarar kimiyya.

Yaya yana bakin ƙofa yana wanke babur, bai ko juyo ba ya ce to me kake nema a littafin wanda bai san Ubangijinsa ba. Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce bar shi ya faɗa.

Sai na ba su labarin a taƙaice. Wani mutum ne suka ɗan samu saɓani da matarsa ya fita da dare ya hau wani tudu a bayan gari, daga nan hankalinsa ya bar jikinsa ya shiga sararin samaniya, ya yi ta zuwa duniyoyi yana shiga zukatan halittu kala-kala, hankulansu suna ta haɗuwa suna zama ɗaya, har ya gano su kansu taurarin suna da rai da tunani, kuma duk wannan doguwar tafiya abu guda suke nema, su ga wanda ya yi taurarin. Da suka hango shi a ƙarshe sai suka tarar da wani mai halitta da ba ya tausayi ko kaɗan. Yana yin sararin samaniya guda ya duba shi kamar yadda maginin tukwane ke juya tukunya yana neman inda ta tsage, ya ga aibinta ya aje ya sake gina wata, wahalar waɗanda ke ciki kuwa kallonta kawai yake. Mai ba da labarin ya yi kuka ya yi ƙorafi, amma duk da haka ya rusuna masa.

Yaya ya ce a'uzubillahi wannan ai kafirci ne tsagwaronsa. Gaskiya ba shi ya fara faɗa ba, C.S. Lewis marubucin nan Kirista ya rubuta wa Arthur C. Clarke, marubucin almarar kimiyya, wasiƙa a 1943 yana cewa ƙarshen littafin bautar shaiɗan ce zalla. Na faɗa wa Yaya haka ya ce ka ji ko, har nasu ya gane.

Kawu ya rage muryar rediyo, ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce shi wannan nasa da ya ƙago, in an kira shi yana amsawa? Na ce a'a Kawu, ba ya amsawa. Ya girgiza kai ya ce Allah sarki, wannan bawan Allah ya ga wahala a rayuwarsa.

Wallahi nan ne tsigar jikina ta tashi, don Kawu bai taɓa jin sunan mutumin ba kuma ya faɗi daidai. Lokacin yaƙin duniya na farko Stapledon bai ɗauki bindiga ba, ya shiga ƙungiyar agaji ta Quakers, wata ɗariƙar Kiristoci masu ƙin yaƙi, yana tuƙa motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni a Faransa da Beljiyam daga 1915 har 1919. Littafin kuma ya fito a 1937, ana yaƙin basasa a Sifen, Hitler na kan mulki a Jamus, kowa na jin ƙamshin wani yaƙin. Mutumin da ya yi shekaru yana kwasar samari da ƙafa a gutsure, in ya ɗaga kai sama kuma ba shi da wahayi a hannu, me zai gani?

Ni ban yarda da mai halittarsa ba, ko kusa. Duk abun da zan fara da sunan Mai rahama Mai jin ƙai nake farawa kuma a kan haka zan mutu in sha Allahu. Amma ba zan iya cewa izgili yake ba, ban ga izgili ko a layi ɗaya ba, tambaya ce da duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kabarin ƙaramin yaro ya san ta, mu dai muna da inda muke kai ta shi kuma bai da shi. Tsoron Yaya ma na gane shi, ba kowa ya kamata ya ɗauki irin littafin nan ba. Duk da haka bayan Kawu nake. Shi Stapledon, shekara shida na farkon rayuwarsa a Port Said ta Masar ya yi su, babansa na aikin jiragen ruwa, kenan da kiran sallah a kunnensa ya buɗe ido, wannan ma sai da ya sa ni shiru a adaidaita muna dawowa.

Littafinsa na farko da na karanta, Last and First Men na 1930, bai taɓa ni haka ba, duk da shi ma ba dama, tarihin ɗan adam na shekara biliyan 2, iri 18 na mutane ɗaya bayan ɗaya, sun bar duniyar nan sun koma Zara, wato Venus, daga can Neptune, ƙarshe duk suka ƙare. Can kaina ne ya yi ta juyawa, wannan kuwa a ƙirji nake jin sa.

Tuwon Umma da miyar kuka, na ci na ƙara. Auta ta cinye min data.

Yaya ya turo min wani wa'azi a WhatsApp zan saurara da safe. Kafin in taso na faɗa wa Kawu mutumin yana da wani littafin, Sirius na 1944, labarin kare mai hankalin mutum da ya tashi a tsaunukan Wales yana kiwon tumaki, ya ce in na gama in zo ranar Juma'a bayan masallaci in ba shi labarin, amma in bari sai Yaya ba ya nan.