Abin da na rubuta a Guangzhou

Ɗan ƙanwata da ke karatu a ƙasar Sin ya zo hutu, ya zauna kusa da ni bayan sallar isha'i, ya miƙo mini wayarsa cike da murna, ya ce, "Kawu, dubi yawan masu bibiyata." Abin da ya tara masa jama'ar shi ne labarin 'yan matan da ya nema a can, yana ɓoye sunayensu amma yana faɗin garinsu da sashen karatunsu da abin da ya wakana tsakaninsu a ɗaki. Na kalla har ƙarshe, na mayar masa da wayar, bakina ya yi nauyi, domin na san wannan murnar tun ba a yaye shi ba.

Ina birnin Guangzhou a 2003, ina koyon Sinanci da safe, da rana ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta a unguwar Xiaobei, lokacin da sunan Mu Zimei ya game gari. 'Yar jarida ce mai shekara 25, sunanta na yanka Li Li, wadda ta riƙa rubuta mu'amalarta da maza a intanet, har ta ambaci sunan wani sanannen mawaƙi. Kafin shekarar ta ƙare ta rabu da aikinta a mujalla, hukuma kuma ta hana sayar da littafinta. Zhuying Qingtong ta biyo baya a 2004 da hotunan tsiraicinta a dandalin intanet na Tianya, sai Liumang Yan a 2005. Ni duk ban ga hasarar da suka yi ba, idona yana kan yawan masu karanta su.

Sai na fara nawa, da Sinanci. Ina so a fahimci halin da nake ciki a lokacin: saurayi ne ni mai shekara 26, babu dangi, babu wanda zai tambaye ni inda na kwana, kuma a cikin motar haya mutane kan tashi daga kusa da ni saboda launin fatata. Da na fara rubutun, waɗannan mutanen ne suka koma suna yaba Sinancina suna jiran abin da zan faɗa gobe, kuma wanda bai taɓa zama bare ba ba zai gane daɗin wannan ba. Ban yi wa kowa ƙarya ba, ban kuma rubuta sunan kowa ba. Da wannan hujja na daɗe ina kare kaina, har yau wani lokacin tana dawo mini, alhali na san tun a makarantar allo aka karantar da mu cewa wanda Allah ya rufa wa asiri da dare, ya wayi gari yana tonawa da bakinsa, ya fita daga cikin waɗanda ake yi wa afuwa.

A 2006 na rubuta labarin wata yarinya mai tsaron shagon yadi. Na faɗi hawan benen da shagon yake, na faɗi tabon ƙuna da ke wuyan hannunta, saboda ina ganin hakan zai ƙara wa rubutun armashi. A wannan shekarar ce aka fara yawan jin abin da Sinawa ke kira renrou sousuo, wato taron jama'a su haɗu a intanet su farauto mutum ɗaya. Cikin mako guda suka gano ta, suka watsa hotonta da sunan ƙauyen iyayenta, mai shagon ya sallame ta, wanda zai aure ta ya fasa. Sau ɗaya ta kira ni, ta tambaye ni me ta yi mini, na rasa amsa. Na goge komai a daren, amma an riga an kwafe. Ni na dawo gida na yi aure na hayayyafa, babu wanda ya taɓa nuna ni da yatsa. Ita ban san inda ta ƙare ba. Da aka rufe Tianya a 2023 na ji sanyi a raina, daga baya na ji kunyar wannan sanyin, domin kaina kaɗai nake ji.

Ku yaran yanzu, na yi niyyar jera muku shawarwari masu yawa, amma kaɗan ne suka rage. Kada ku rubuta sirrin da na mutum biyu ne, ko da kun ɓoye suna, domin tabo ɗaya ya isa a gane mutum. Wanda ya riga ya saka, ya goge yau, ko da yake na fi kowa sanin gogewar ba ta dawo da komai. Idan abin ya cika muku ciki ku rubuta a takarda ku ajiye, rubutu ne ya riƙe ni a shekarun kaɗaici. A'a, takardar ma ku ƙona ta, kuma tun farko ku bar aikin da za a rubuta. Abin da ke ƙona mini rai da ku yaran yanzu shi ne mu a lokacinmu ba mu ga ƙarshen kowa ba, ku kuwa kun gani sau ɗari, amma da an yi magana sai ku ce zamani ya canja, ido yana kan waya, kunne ɗaya a toshe.

Haka ɗan nawa ya ce mini da na ba shi wannan labarin washegari, sannan ya ce zai duba. Cikin bidiyo goma sha ɗaya ya cire biyu, wanda ya fi yawan masu kallo kuma yana nan. Ranar Asabar zai koma.