Yadda Muka Nemi Kuɗin Tarayya Don Gyara Matsallakar Titi a Amurka

Titin da ya raba gidajenmu da tashar bas layi huɗu ne, biyu na zuwa biyu na dawowa. Allon da ke gefensa ya ce kada a wuce gudun mil 40 a awa, amma da wuya ka ga direban da ke duba allon. A tsallake akwai tashar bas, da kantin naman halal, da ɗan masallacin da muke haya. A namu ɓangaren kuwa gidajen haya ne cike da baƙi, mu 'yan Afirka ta Yamma, da Somaliyawa, da 'yan Nepal, da 'yan Meziko. Danjar da ta fi kusa sai ka yi tafiyar minti goma kafin ka kai ta, kuma babu daɓen masu tafiya a ƙafa da zai kai ka can, sai wata 'yar turba da sawun mutane ya fitar a cikin ciyawa. In dusar ƙanƙara ta sauka aka ture ta gefen titi, turbar ma ɓacewa take yi, dole ka hau kwalta ka yi kafaɗa da kafaɗa da motoci.

A farkon 2022 mota ta buge wani dattijonmu yana dawowa daga sallar isha'i. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙugunsa ya karye. Da na je dubiya asibiti, sai ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, kai da kake jin Turancinsu, babu wanda za a kai wa kuka ne?” Na ce, “Baba, in sha Allahu zan bincika.” Wannan alkawarin ne ya shigar da ni harkar da har yau ban fita ba.

Da farko na yi abin da na saba gani a gida, na nemi kansilan unguwarmu. Ya saurare ni da mutunci, ya ce in zo zaman majalisar gari, inda ake ba kowane mazauni minti uku ya faɗi abin da ke damunsa. Na je na faɗa. Bayan an tashi, injiniyar garin, wata mata mai yawan shekaru a aikin, ta tare ni a bakin ƙofa. Ita ce ta fara gaya mini cewa akwai kuɗi, kuma ba kaɗan ba. A ranar 15 ga Nuwamban 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a babbar dokar gina ababen more rayuwa, kuma a cikinta an ware dala biliyan 5 na shekara biyar ga wani shiri mai suna Safe Streets and Roads for All, wanda ake taƙaitawa da SS4A. Abin da ya bambanta shi da yawancin kuɗin hanyoyi shi ne ba ya bi ta hannun jiha. Gari ko gunduma ko hukumar tsara sufuri ta yanki ko gwamnatin ƙabilun asali, kowannensu na iya nema kai tsaye daga Ma'aikatar Sufuri da ke Washington.

Na fita daga wurin ina murna, na je masallaci na ce an samu hanya. Na yi gaggawa, kuma gaggawar ta jawo mini zubewar yarda a wurin mutane na tsawon lokaci. Abu biyu ban fahimta ba. Na ɗaya, mu a matsayin ƙungiyar mazauna ba mu da ikon cika takardar neman, sai gwamnatin garin. Na biyu, tallafin iri biyu ne: akwai na tsarawa, akwai na gini. Ba a ba ka na gini sai kana da rubutaccen tsarin kare rayuka na garin baki ɗaya, wanda majalisa ta amince da shi, da alkawarin shekarar da ake son kawo ƙarshen mace-mace a tituna, da nazarin haɗurran shekarun baya, da jerin ayyuka bisa fifiko. Garinmu ba shi da ko shafi ɗaya na wannan. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi; garuruwan da suka daɗe da rungumar manufar Vision Zero, wato burin kawo ƙarshen mace-mace a tituna, wadda ta samo asali daga Suwidin a 1997, su ne suka kwashi kuɗin gini a zagayen farko.

Mu ko na tsarawar ma bai samu ba a shekarar. Wa'adin ya cika ranar 15 ga Satumban 2022, kuma sai ana saura 'yan kwanaki aka gano rajistar garin a shafin SAM.gov ta lalace. Duk wanda zai karɓi kuɗin tarayya sai yana da rajista mai rai a wannan shafi, ana sabunta ta kowace shekara, kuma a watan Afrilun shekarar aka sauya lambar shaidar da ake amfani da ita. Ma'aikacin da ke kula da abin ya bar aiki, ba wanda ya gaji nauyin. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Fabrairun 2023 aka sanar da rabon dala miliyan 800 ga garuruwa sama da 500, muna kallo.

Shekarar da muka rasa ita ce ta koya mini aikin. Na lura cewa masu duba takardun nan ba su taɓa ganin titinmu ba, ba su san dattijonmu ba, ba su ji ƙarar birki da muke ji kullum da dare ba. Abin da ke gabansu taswira ce da alƙaluma. Kuma alƙaluman daga rahoton 'yan sanda suke fitowa. Da injiniyar ta buɗe mini taswirar haɗurra a kwamfutarta, sai na ga ɗigo kaɗan ne a kan titinmu, alhali ni kaina na san mutanen da mota ta goge su suka tashi suka kaɗe riga suka tafi gida. Wani yana tsoron kuɗin motar asibiti, wani takardunsa ba su kammala ba, ba ya son ganin ɗan sanda ko a mafarki, wata kuma ba ta jin Turanci. Duk wanda bai kai rahoto ba, a idon tsarin nan abin bai faru ba.

Sai muka fara rubutawa da kanmu. Muka raba kwanaki tsakanin matasa bakwai, kowa da littafi da biro, muna tsayawa da asuba lokacin da masu aikin ɗakunan ajiyar kaya ke fita, da yamma lokacin tashin 'yan makaranta, da dare lokacin isha'i. Muna rubuta mutum nawa suka tsallaka, ta ina, minti nawa suka jira, nawa ke ɗauke da yara, nawa ke kan keke. Muka ɗauki hoton turbar nan ta cikin ciyawa. Injiniyar ta ce hoton ya fi mata duk wani jawabi amfani, domin turba ba ta fitowa sai inda mutane ke bi. Ta kuma sa aka auna gudun motoci na mako guda. Na haɗa sakamakon da wani binciken 2011 na gidauniyar AAA, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, wanda ya nuna cewa in mota mai gudun mil 23 a awa ta buge mutum, ɗaya cikin goma ne ke mutuwa, in kuwa gudun ya kai mil 42, rabi ne. A shekarar 2022 kaɗai motoci sun kashe masu tafiya a ƙafa sama da 7,500 a Amurka, adadin da rabon da a ga irinsa tun farkon shekarun 1980.

Gardama mafi zafi a majalisa a kan kason gari aka yi ta. Gwamnatin tarayya kashi 80 cikin 100 take biya, sauran 20 sai mai nema ya kawo. Ban da wannan, ba a zuba maka kuɗin a asusu ka fara aiki. Kai za ka kashe naka, ka tara rasit, ka tura, sannan a mayar maka. Ga babban birni wannan ba komai ba ne, amma ga ƙaramin gari da ke lissafin gishirin da zai watsa a titi da hunturu, magana ce babba. A ganina nan ne tsarin yake da rauni: garin da ya fi talauci, wanda mutanensa suka fi tafiya a ƙafa don rashin mota, shi ne ya fi shan wuyar cika sharuɗɗan. Abin da ya cece mu shi ne an yarda a lissafa lokacin da ma'aikatan gari suka ɓata a kan aikin a matsayin wani ɓangare na kason. Da injiniyar ta bayyana haka, kansiloli biyu da ke ja da baya suka sauko.

Mun tura takarda kafin wa'adin 10 ga Yulin 2023, wannan karon ta neman kuɗin tsarawa da gwaji. A Disamba sunan garinmu ya fito. Ban yi shela a masallaci ba sai da na tambayi abin da zai biyo baya, kuma na gode Allah da na tambaya, domin tsakanin fitowar suna da sa hannu a yarjejeniya watanni ne masu yawa, kuma duk abin da aka kashe kafin sa hannun ba a mayar da shi.

Aka sa ni cikin kwamitin da ke sa ido a kan tsarin. Taron jin ra'ayin jama'a na farko an kira shi ƙarfe shida na yamma a zauren majalisa. Waɗanda suka zo duk da mota suka zo, kuma maganarsu ba ta wuce cunkoso da wurin ajiye mota ba. Na ce wa kwamitin, mutanen da ake magana a kansu a wannan lokacin suna kan hanyar zuwa aikin dare, ko suna dafa wa yara abinci, kuma bas ɗin ƙarshe ba ya jiran a tashi taro. Muka kwashi taswirorin muka kai su inda mutane suke: bakin masallaci bayan sallar Juma'a, cocin masu jin Sifaniyanci ranar Lahadi, da shagon wanki na unguwa. Kowa aka ba shi alƙalami ya sa alama inda yake jin tsoro. Wata baiwar Allah ta daɗe tana kallon taswirar, sannan ta ce mini, “Malam, ni ban iya wannan ba, amma zo in nuna maka.” Ta ja mu har bakin titi da keken jaririnta, ta nuna mana inda dakalin gefen titi ba shi da gangara, inda kullum sai ta sauka kan kwalta. A cikin azumin 2024 kuma na roƙi injiniyar ta zo ta tsaya da mu lokacin da ake tashi daga sallar asham. Ta zo cikin sanyi, ta ga dattawa da yara suna gudu a cikin duhu tsakanin fitilun motoci. Ba ta ce komai ba a daren, amma a daftari na gaba titinmu ya hau sahun farko.

Layin keke ya raba kan mu kanmu. Samarinmu da yawa da keke suke zuwa aiki, wasu har tsakar dare, don haka ni ina goyon baya. Amma mai kantin naman, wanda ɗan'uwanmu ne kuma shi ke ciyar da mu buɗa-baki, ya kira ni gefe ya ce, “Ƙanena, in aka ɗauke wurin tsayawar motoci a ƙofata, masu zuwa daga nesa sayen rago ina za su ajiye?” Damuwarsa gaskiya ce, kuma na yi kuskure da ban fara zuwa wurinsa ba kafin ya ga zanen a bango. Aka sake zane, aka bar masa wurin sauke kaya a lungun gefe, aka bi da layin keken ta titin baya mai ƙarancin motoci. Ya fi tsawo kaɗan, kuma har yanzu ina ganin na kan babban titi ya fi dacewa da masu keken, amma da shi aka samu kowa ya sa hannu.

Kuɗin gwaji ba a yin gini na dindindin da su, sai abin da za a iya cirewa. Titin kuma ashe mallakar jiha ne ba na gari ba, sai da aka nemo izininsu a rubuce. Daga ƙarshe aka shafa fenti, aka kafa sandunan roba, aka fitar da ɗan tsibiri a tsakiyar titin inda mutum zai tsaya ya huta, ya tsallaka layi biyu maimakon huɗu a numfashi ɗaya. Hukumar manyan hanyoyi ta tarayya tana lissafa irin wannan tsibiri cikin matakan da aka tabbatar suna rage buge masu tafiya a ƙafa da fiye da rabi.

Daɓen kankare kuwa ta wata ƙofar muka bi, shirin Transportation Alternatives, mai tallafa wa hanyoyin masu tafiya a ƙafa da masu keke, wanda tushensa ke komawa ga dokar sufuri ta 1991 kuma aka sake masa fasali a 2012. Shi ta hannun jiha da hukumar tsara sufuri ta yanki yake zuwa, kuma shi ma 80 da 20 ne. A nan na ga nauyin da ke biye da dalar tarayya: nazarin muhalli, gangarar keken guragu bisa dokar naƙasassu ta 1990, biyan leburori bisa dokar Davis-Bacon ta 1931, da biyan diyya ga duk wanda za a ci taku biyu na filinsa. Kowanne yana da dalilinsa, amma in an tara su a kan ƙaramin aiki sai farashi ya kumbura. Injiniyar ta ba da shawarar da na riƙe: ƙananan abubuwa kamar fitila da gangara a yi su da kuɗin gari, a bar kuɗin tarayya ga dogon daɓe. Haka aka yi, fitilu biyu suka hau cikin 'yan watanni.

Da gwamnati ta sauya a Janairun 2025, Sean Duffy ya gaji Pete Buttigieg a shugabancin Ma'aikatar Sufuri, aka shiga sake duba tallafin da ba a riga an sa wa hannu ba, musamman masu layin keke. Namu na tsarawa ya riga ya tsallake. Majalisar gari ta amince da tsarin, don haka yanzu muna da takardar da ta hana mu shiga sahu a 2022. Dokar da ta kawo SS4A wa'adinta 30 ga Satumban 2026 ne, shi ya sa kwamitin ya ware kason gari tun da wuri a kasafin kuɗi, ni kuma na rubuta ranar sabunta rajistar nan a kalandar wayata, duk shekara ina kiran ofis in tuna musu.

Dattijon yana tafiya da sanda yanzu. Ranar da aka gama kafa sandunan na je na ɗauko shi muka tsallaka tare. Ya tsaya a tsibirin ya dafa sandarsa, ya dubi motocin da ke rage gudu, sannan ya tambaye ni yaushe za a zuba kankaren. Na ce masa an gama zane, ana kan maganar diyya da masu filaye uku. Ya ce in ranar zaman majalisa ta zo in biyo masa, shi ma yana son minti ukunsa, ni in fassara.